Ta yaya ake gane shukar ado za ta gagara kafin a dasa ta?

Mai Lambu, Jos:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana tsirrai da ma'aikatan gandun daji da ke wannan zaure. Sana'ata renon furanni da itatuwan ado ce, kuma wani mai gona a bayan gari ya ba ni kwangilar kewaye gonarsa da shinge mai rai. Shi da kansa ya zaɓi lantana, wadda ya gani a ƙofar wani otal, saboda tana fure kusan duk shekara, ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda a curi guda, ba ta neman ban-ruwa sosai, sannan ƙananan ƙayoyinta suna hana a ratsa. Ta fuskar kasuwa ba ni da abin da ya fi ta sauƙi, domin reshe kawai ake yanka a soka a leda, ba da jimawa ba ya yi saiwa.

Abin da ya sa na dakata shi ne yanayin wurin. Gonar tana jingine da duwatsu, akwai rafi daga ƙasanta, kuma burtali ya bi ta gefenta. Wani abokin sana'a ya ce mini akwai ƙasashen da aka haramta sayar da wannan shuka ɗungurungum, amma mai gonar ya ce shekara da shekaru ana dasa ta a gidajen Jos bai taɓa jin ta cinye gonar kowa ba. Tambayata ba ta tsaya kan lantana kaɗai ba, tunda kullum ana kawo mana sababbin iri daga Legas da Kwatano waɗanda ko sunansu na gaskiya ba mu sani ba. Shin akwai wata tsararriyar hanya da ake bi a auna ko shukar ado za ta tsallake shinge ta zama annoba, ko kuwa sai an dasa an gani?

Malamin Gandun Daji:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Lambu. Akwai hanya, kuma an daɗe ana aiki da ita. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta Ostareliya, wadda Paul Pheloung ya tsara, hukumar killace kayan gona ta ƙasar ta fara amfani da ita a 1997, aka wallafa ta a 1999. Tambayoyi 49 ne ake yi wa kowace shuka da ake son shigarwa ƙasar, akasarinsu amsarsu i ce ko a'a, kowace amsa da makinta. Idan jimillar ba ta kai 1 ba sai a bari ta shiga, idan ta faɗa tsakanin 1 da 6 sai a ajiye ta a ƙara bincike, idan kuwa ta haura 6 sai a hana. Daga baya Curtis Daehler da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka daidaita tsarin da yanayin tsibiran tekun Fasifik, suka ƙara wata matatar ta biyu saboda tsirran da suka maƙale a tsakiya. An gwada shi a Fulorida, an kuma gwada shi a nan Afirka kan tsirran tsohon lambun Amani da Jamusawa suka kafa a duwatsun Usambara na Tanzaniya a 1902.

Tambayoyin ba wani abu ba ne da ya fi ƙarfin mai lambu. Ana duba ko yanayin ƙasar da shukar ta fito ya yi kama da na inda za a kai ta. Ana duba ko tana da ƙaya, ko guba ce ga dabbobi ko mutane, ko dabbobi suna ƙyamar cin ta, ko tana jure inuwa da ƙasa marar taki, ko tana haɗa sarƙaƙiya ta danne na ƙarƙashinta, ko tana ƙara wa gobarar daji ƙarfi. Sai batun haihuwa: shekara nawa take yi kafin ta fara 'ya'ya, tana zuba iri da yawa, irin yana kwana a ƙasa fiye da shekara bai mutu ba, reshenta yana yin saiwa in ya taɓa ƙasa? Sai wanda ke ɗaukar irin, iska ko ruwa ko tsuntsu ko cikin dabba ko hannun mutum. A ƙarshe ana tambaya ko tana sake toho bayan sara ko ƙuna, da ko maganin feshi yana kashe ta. Ba dole ne a amsa duka ba, amma akwai mafi ƙarancin adadi, tambayoyi 10, waɗanda dole su taɓo kowane ɓangare.

A cikin tambayoyin nan duka, wadda ta fi nauyi ita ce ko shukar ta taɓa gagara a wata ƙasa, musamman mai yanayi irin naka. A nan ne lantana ba ta da mafaka. Asalinta tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ne, Turawa suka kai ta lambunansu, suka yi ta haɗa iri da iri har aka sami ɗaruruwan launuka, daga nan ta bi su zuwa ƙasashen da suka mallaka. An kai ta Indiya a farkon ƙarni na 19 domin ado, yau ta cika ƙarƙashin dazuzzukan da damisa da giwa ke zaune. A Ostareliya an fara rubuta sunanta a 1841, yanzu ta rufe kimanin hekta miliyan 4 a gabashin ƙasar, kuma tana cikin jerin miyagun ciyayi 20 na farko da gwamnati ta ayyana a 1999. A Hawai tun 1902 aka aika Albert Koebele Meziko ya nemo ƙwarin da za su ci ta, kuma har yau, bayan an saki ƙwari kala-kala a ƙasashe da dama, ba a ga bayanta ba. Afirka ta Kudu ta sa ta cikin rukunin da doka ta hana dasawa da sayarwa, ta kuma wajabta kawarwa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa ta cikin baƙin halittu 100 da suka fi ɓarna a duniya. In ka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, makinta ya wuce 6 nesa ba kusa ba: tana da ƙaya, tana da guba, tana yin sarƙaƙiya, tsiro guda yana iya zuba dubban 'ya'ya a shekara, tsuntsaye suna sha su kai nesa, in an sare ta kuma sai ta dawo da rassa fiye da na da.

Maganar mai gonar cewa bai taɓa jin ta cinye gonar kowa ba, ita ce hujjar da ta fi yaudara a wannan fanni. Shuka tana iya yin shekaru masu yawa tana zaune lafiya cikin lambu kafin ta ɓalle. A 1937 wani Ba'amurke mai suna Harrison Smith ya dasa Miconia calvescens a lambunsa na Papeari da ke tsibirin Tahiti saboda kyawun manyan ganyenta masu shunin baya. An fi shekara 30 ba wanda ya ɗauke ta matsala. Yau ta mamaye kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin. Wanda ya ce a dasa a gani, to ba shi zai gani ba, 'ya'yansa ne za su gani, a lokacin da tumɓukewa ta fi ƙarfin gatari. Ban da haka ma, a Filato ba hasashe ake yi ba. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, yanayin da lantana ke so ke nan, kuma masu bincike a cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI sun yi aiki a kan yadda ta yaɗu a dajin Amurum da ke gabashin gari.

Likitar Dabbobi:

Zan ƙara kan abin da Malam ya faɗa daga ɓangarenmu, domin ambaton burtali ne ya sa na kasa yin shiru. Ganyen lantana yana ɗauke da wata guba da ake kira lantadin, wadda ke lalata hanta ta tare fitar ɗacin madaciya. Saniyar da ta ci da yawa tana daina kiwo, kashinta ya ɗaure, idonta da dasashinta su yi ruwan ɗorawa irin na shawara. Bayan kwana kaɗan sai rana ta fara ƙona ta: fatar hanci da kunnuwa da hantsa ta kumbura, ta tsage, ta yi ta salewa, dabbar ta riƙa neman inuwa tana kaɗa kai. Shanun madara masu jinin Turai, waɗanda ke da fararen tabo, su ne suka fi jin jiki da wannan ƙunar. Tumaki ma suna kamuwa.

Gaskiya ne dabbar da ta tashi a wurin ba ta cika kula ta ba, saboda warin ganyen da kaushinsa. Hatsarin yana kan baƙin shanu masu wucewa, da kuma lokacin bazara da ciyawa ta ƙare, ya zama lantana ce kaɗai kore a bakin hanya. To burtali kuwa baƙin shanu ne ke bin sa, kuma da yunwa suke bin sa. Ina roƙon Malam Mai Lambu ya faɗa wa mai gonar wannan a fili, domin a yankin da tsakanin manomi da makiyayi ba ya son ƙarin dalilin saɓani, shingen da zai kwantar da saniyar wani ba ƙaramin abu ba ne. Idan an riga an ci, a janye dabbar zuwa inuwa nan take a kira likita, domin garin gawayin magani da ƙarin ruwa suna taimakawa in an yi da wuri. Ɗanyun 'ya'yanta kore kuma a nisanta su da yara.

Akwai wata illar da ba a cika ambata ba. A yankin Busoga na Yuganda, lokacin da aka yi watsi da gonakin kofi da auduga a shekarun 1970, lantana ta rufe su, ƙudan tsando ya sami inuwar zama dab da gidajen mutane, kuma an danganta wannan da ɓarkewar ciwon barci da ta biyo baya. Duk wanda ya san abin da sammore ke yi wa garke ba zai so a ƙara wa tsando maɓoya a bakin rafi ba.

Dattijo daga Maraɗi:

Ban zo kare lantana ba, amma ina da ja a kan tsarin makin nan, kuma ina so Malamin Gandun Daji ya amsa mini. Tsari ne da ke ƙirga laifi kawai, ba ya ƙirga amfani. A ɗora dogon yaro a kan wannan ma'auni mu gani. Daga Asiya aka kawo shi, yana zuba 'ya'ya ba adadi, tsuntsaye da jemagu suna watsa su, yana jure fari da sara, ya bazu a filayen Ankara a Gana, kuma a arewacin Ostareliya an ayyana shi cikin miyagun tsirrai. Babu shakka da an hana shi shigowa. Amma ku je kwarin Majiya a jihar Tawa ku ga layukan dogon yaron da aka fara dasawa tun 1975 domin tare iska, ku tambayi manoman wurin abin da suka yi wa geronsu. Ku cire shi daga titunan Maiduguri ko Damagaram ko Sakkwato ku ga inda mutum zai fake da azahar. Mu da muke bakin hamada, halin da takardar ke kira laifi, wato jure wahala da saurin yaɗuwa, shi ne dalilin da ya sa muke neman itace tun farko.

Na biyu, ƙasa ta bambanta. Abin da ya gagara a Jos mai ruwa ba lallai ya gagara a wurinmu ba, inda damina wata uku zuwa huɗu ce. A nan lantana ba ta wuce tukunya da gindin famfo. Ko bini da zugu da muke kewaye gona da shi tun kakanni an hana shi a yammacin Ostareliya, mu kuwa ba mu ga ya kori kowa ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Prosopis mai ƙaya, ɗan'uwan ƙiryarmu da aka kawo daga nahiyar Amurka, da kyakkyawar niyya aka dasa shi domin tare rairayi. An kai shi Sudan a 1917, a 1995 gwamnatin ƙasar ta ba da umurnin a kawar da shi saboda ya cinye filayen noman rani da magudanan ruwa. A wajen Ngigmi ya rufe busasshen gindin tafkin Chadi har ya toshe hanyoyi. Akuya ta ci ƙwansonsa ta kai irin ko'ina a cikin kashinta. Saboda haka ban ce kada a auna ba, cewa na yi a auna da hannu biyu.

Mai Lambu, Jos:

Na gode wa kowa. Bayan na karanta amsoshinku na koma gonar na bi rafin da ƙafa. A cikin kwazazzabon da ke ƙasa da gonar, da gindin wani ɓaure da tsuntsaye ke sauka, na tarar da lantana wadda ba wanda ya dasa, wata ta fi tsawona, ta haye kan ƙananan itatuwa. Na murza ganyen na ji warin nan mai ƙarfi, karan mai kusurwa huɗu da ƙayoyi masu lanƙwasa, 'ya'yan wasu kore wasu sun nuna sun yi baƙi. Ƙarƙashinta ƙasa ce tsirara, ko ciyawa babu. To yanzu ga sabuwar tambaya, wadda na san mai gonar zai yi mini: tunda ta riga ta iso, mene ne amfanin mu mu ƙi dasawa? Sannan wanda ke kawo mini kaya ya ce yana da wani iri mai ruwan ɗorawa zalla wanda ba ya yin 'ya'ya. Shi ma a guje shi?

Malamin Gandun Daji:

Bari in fara da Baba na Maraɗi, domin maganarsa gaskiya ce. Tsarin ba ya auna amfani, kuma yana kuskure ta ɓangaren hani fiye da ɓangaren bari. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, an ga yana gano kusan kashi 90 cikin 100 na manyan masu ɓarna, amma a cikin marasa laifi kimanin kashi 70 kawai yake wankewa. Ma'ana yakan kama mai gaskiya. Don haka maki ba hukunci ba ne, shaida ce da ake kai wa mai hukunci, shi kuma ya ɗora ta kusa da amfanin shukar. Inda na rabu da Baba shi ne, dogon yaro ya zo ne ya toshe wata buƙata da ba a sami mai toshe ta da sauƙi ba, ita kuwa shukar ado kusan kullum tana da madadi. In an hana fure marar laifi bisa kuskure, asarar ita ce an rasa launi guda a lambu. In an bar mai laifi bisa kuskure, asarar makiyaya ce da bakin rafi, kuma waɗanda ba su taɓa ganin lambun ba ne za su biya. Shi ya sa a kan kayan ado na fi son a tsaurara. Batun bambancin ƙasa kuwa yana cikin tambayoyin, amma a lura cewa a busasshiyar ƙasa fadama da bakin gulbi da magudanar noman rani su ne wuraren da irin waɗannan tsirrai ke samun gindin zama, kuma su ne filayen da suka fi tsada.

Malam Mai Lambu, abin da ka yi na bin rafi shi ne rabin aikin da takarda ba za ta yi maka ba, kuma ka riƙa yin sa ga kowace sabuwar shuka: ka duba tsofaffin gidajen Turawa, gefen layin dogo, bakin kududdufan kuza, da ƙarƙashin wayar lantarki inda tsuntsaye ke jeruwa, ka ga ko tana tsirowa inda ba a dasa ba. Kasancewarta a kwazazzabo bai zama izini ba. Yawan irin da ake zubawa a wuri shi ke sa mamaya ta yi sauri, kuma shingen da ya kewaye gona guda, ana ba shi ruwa da taki, zai fi wannan kwazazzabon zuba iri sau da yawa. Bugu da ƙari, kowane sabon launi da aka kawo yana iya barbara da na daji ya ƙara masa ƙarfi. Wannan ne ya shafi tambayarka ta biyu. Akwai irin da aka ƙirƙira da gangan domin kada ya haihu, Jami'ar Fulorida ta fitar da wasu bayan gwaji, amma a Ostareliya an gano cewa wasu da ake tallatawa a matsayin marasa haihuwa suna fitar da garin fure mai rai, wani lokaci har da 'ya'ya, shi ya sa aka hana sayar da kowane iri. Dashen leda marar suna, wanda shaidarsa kawai bakin dillali ce, ba zan kai shi bakin rafi ba.

Ga sauran kayan da ake kawo maka, matakin farko shi ne samun sunan kimiyya na gaskiya, domin ba a auna abin da ba a san sunansa ba. Kwalejin gandun daji ta tarayya tana nan Jos, za ka iya kai musu reshe mai ganye da fure da 'ya'ya. Da sunan a hannu ka bincika kundin CABI, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a intanet, da na PIER, wato kundin baƙin tsirran tsibiran Fasifik, wanda ke ɗauke da makin da aka riga aka ba tsirrai masu yawa. Abin da za a shigo da shi daga wata ƙasa kuwa aikin hukumar killace kayan gona ta Najeriya, NAQS, ne ta ba da izini. Ka sa ido a kan Duranta, shingen nan mai ganye ruwan ɗorawa da ya cika Abuja da Kaduna. Dangin lantana ce, ta tsere daga lambuna a gabashin Ostareliya da sassan Afirka ta Kudu, kuma 'ya'yanta masu ruwan lemo guba ne. Muddin ana aske ta a kai a kai ba ta samun zarafin yin 'ya'ya, amma shingen gona ba a cika aske shi kamar na ofis ba.

Ga mai gonar, in launi yake so da ƙaya, bogenbiliya tana da duka biyun, kuma ba ta cika yin iri a wurinmu ba, da reshe ake yaɗa ta. In tare dabbobi ne, mutanen Filato sun daɗe suna kewaye gonakinsu da kyarana, sai dai a kiyayi ruwanta da ido. Lalle ma yana yin shinge mai kauri. Waɗanda ke cikin kwazazzabon kuma a haƙe su da kututturensu da farkon damina lokacin da ƙasa ta yi laushi, domin sara ko ƙuna kaɗai toho suke jawowa. Wadda ta yi girman da ba ta haƙuwa a sare ta dab da ƙasa a shafa wa kututturen maganin kashe ciyawa na gilaifoset nan take kafin ya bushe, a kiyaye kada maganin ya shiga ruwa. Rassan a tara su a kan dutse su bushe a ƙone, kada a watsa su a rafi, sannan a koma wurin damina biyu ko uku masu zuwa a tsittsige ƙananan da za su fito daga irin da ya rage a ƙasa.